Kulolin Da Suka Koma Gida

Ba zan taɓa mantawa da jeren da muka je Darini ba, ko da na so in manta ma matan Safana ba za su bar ni ba. Har yau in na shiga gidan biki sai na ga wata ta zunguri 'yar'uwarta, su dube ni, su sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa.

Lokacin ban daɗe da fara saye da sayar da kayan hannu ba. Ina aure a Batsari, sai na lura mata da yawa suna da kaya a ɗaki, amma in lalura ta taso sai su rasa inda za su kai ba tare da gari ya ji ba. Sai na shiga saye: katifa, keken ɗinki, tukwane, har labule ban bari ba. In wanke, in goge, in ɗauki hoto a waya in tura wa mutane. Dabarata (wadda nake ganin ba a taɓa yin mai irinta ba a duk ƙasar Katsina) ita ce, kayan Batsari in kai su Safana garinmu, na Safana kuma in kawo su Batsari, yadda mai kaya ba za ta taɓa cin karo da abinta a ɗakin wata ba. In aka ce mini dillaliya sai in ɓata rai. Ni 'yar kasuwa ce, in ji ni da kaina.

Wata ranar kasuwa wata dattijuwa ta yi sallama gidana da buhu a ka. Ta ce sunanta Habi, daga Darini take, nan ƙasar Batsari, kwatance aka yi mata. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ta tambayi maigida da yara da aikin gona, sai da ta sha ruwa sannan ta kwance bakin buhun. Kulolin abinci ne guda biyar, manya da ƙanana, masu ruwan zinari a baki, irin masu nauyin nan da yanzu sai an tona kafin a samu. Ta ce marigayi mijinta ne ya kawo mata su daga Makka. Ba ta faɗi lalurar da ta taso ba, ni ma ban tambaya ba. Shekarar kowa ya san gonakin nesa ba su nomu ba saboda rashin tsaro. Abu ɗaya ta roƙe ni, kada kowa ya ji, ko da 'ya'yanta ne, don ta ce musu wata 'yar'uwarta a Yasore ce ta ara za ta yi hidima.

“Amana ce na ba ki, ɗiyata,” in ji ta.

Na rantse har da abin da ba a ce in rantse da shi ba. Muka yi ciniki, na biya ta, ta ƙulle kuɗin a bakin zane ta tafi. Tana fita na kife kulolin ɗaya bayan ɗaya ina duba gindinsu, don kowace mace tana ɗiga wa kwanukanta fenti ko jan farce saboda kada su ɓace a gidan biki. Ban ga komai ba. Na yi hamdala, na yaba wa kaina da iya sana'a.

Ba su yi sati a hannuna ba Anti Rabi ta gan su a waya. Ƙawar yayata ce a Safana, za a aurar da ɗiyar yayarta, ita ta ɗauki nauyin kayan girki. Na gaya mata gaskiya na hannu ne, ta ce ba komai, amma kada in bari dangin ango su sani. Na ci riba mai kyau, har na ɗinka sabuwar atamfa a ciki. Ta kuma ce lallai in zo a yi jere da ni, tunda na iya tsara ɗaki. Ba a cika gayyata ta wuri in ƙi ba.

Sai da muka shiga mota, kaya sun yi gaba a a-kori-kura, na ji direba yana cewa a yi sauri don yana so ya baro Darini kafin yamma ta yi. Ashe garin Habi za a kai amarya. Amma nan take na lallashi kaina, na ce Darini ai ba gida ɗaya ba ne, kuma wane tsautsayi zai kai ni daidai ƙofar tsohuwar nan? Na ci gaba da ba mata labari har muka isa.

Gida ne babba na gandu, an yi wa ango ɗaki biyu a gefe, sabon siminti yana ƙamshi. Uwar ango ba ta fito ba, aka ce angon ɗanta na fari ne, tana ɗakinta saboda kunya. Muka sha fura, muka ɗaura ɗankwali a ƙugu muka shiga aiki. Ni ce mai cewa a matsar da gado, ni ce mai cewa labulen can ya karkace. Kulolin kuwa da hannuna na jera su a saman kabet, babba a tsakiya, ƙanana a gefe, inda duk wanda ya ɗaga labule su zai fara gani.

Da muka gama sai dangin ango suka shigo ganin ɗaki, ana ta sa albarka. Wata ƙanwar ango, Saude, ta tsaya gaban kabet ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, ba da wata manufa ba, kulolin nan kamar na Innarsu.

Mai hankali da sai ta ce ai kaya suna kama, ta ja bakinta ta yi shiru. Ni kuwa sai na ji kamar an zagi sana'ata. Na tuna Anti Rabi ta ce kada a san na hannu ne, sai na ga ai ga ranar da zan nuna mata ta yi dace da mutum. Na gyara murya na ce waɗannan daga Kano aka kawo su, a kwalinsu, da hannuna na yage ledar. (Ba wanda ya tambaye ni Kano. Ba wanda ya tambaye ni leda.) Ban tsaya nan ba. Na miƙa hannu na sauko da babbar, na buɗe, na ɗaga murfin sama ina juya shi yadda kowa zai ga kaurinsa, ina cewa a dubi aiki, irin wannan ko a Katsina sai manyan gidaje.

A cikin murfin, can gefe, akwai ɗigo uku da aka ƙona da ƙusa mai zafi. Ni da nake riƙe da shi ni ce ta ƙarshe da ta gani.

“Gwaggo, zo ki gani,” in ji Saude. “Shaidar Innarmu ce.”

Gwaggon ango, wata doguwar mata marar fara'a, ta karɓi murfin ta duba. Ta sauko da sauran ta buɗe su ɗaya-ɗaya, ba ta gaggawa, kowanne ta nuna wa na kusa da ita. Sannan ta juyo ta tambaye ni, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, yadda aka yi kayan da aka kai aro Yasore suka biya ta Kano suka shiga kwali. Wata daga baya ta ce ai yanzu masu sayen kayan sata sun yi yawa.

Amsa ɗaya gare ni, kuma ita ce na rantse ba zan faɗa ba. A lokacin ne komai ya haɗu a kaina: ashe tsohuwar nan kayan da mijinta ya kawo mata ta sayar ta cika lefen ɗanta. In na buɗe baki na wanke kaina, na tona ta gaban surukanta da 'ya'yanta ranar da ake kawo mata amarya. In na yi shiru, ni ce ɓarauniya. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa rasa abin faɗa ba sai ranar, na tsaya da kula a hannu kamar mai jiran a zuba mata tuwo.

Sai aka ɗaga labule. Inna Habi ce, ta ja mayafi har goshi, ba ta shigo ba, ta tsaya a bakin ƙofa. Wata ce ta je ta gaya mata.

“Mi kuke ma baƙuwa?” in ji ta. “Ni na ba ta su. Na ce ta kai a sa cikin kayan yarinya, gudummawata ce, kada a ce daga gare ni suka fito. Ashe mai shela na aika.”

Ɗaki ya ɗauki dariya, wata ta rangaɗa guɗa, aka shiga yabon uwar miji ta gari. Gwaggo ma sai da ta murmusa. Ni ma har na fara tayawa da dariyar. Ban ankara da Anti Rabi ba sai da na ji muryarta a gefena, kuma ba ta rage ta ba.

“Au, kyauta aka ba ki ki kawo muna, kika saida mani?”

Dariyar ta tsaya. Na dubi Inna Habi. Idonta yana ƙasa, asirinta kuma yana bakina. Sai na ji bakina, wannan bakin da ya kai ni Kano ya dawo, yana cewa a hankali, “A yi haƙuri Anti, sharrin shaiɗan ne.”

Haka na amsa laifin da ban yi ba gaban matan gari biyu. Abincin da aka kawo mana ban iya ci ba, na ce azumin nafila nake (bayan kowa ya ga na sha fura). Da za mu tafi Inna Habi ta tare ni a bayan rumbu, ta kama hannuna da hannayenta biyu, ta ce na rufa mata asiri, Allah ya rufa nawa. Na ce amin, ko da yake nawa a lokacin ba abin da ya rage a rufe. Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

A mota ba wadda ta yi mini magana. Kafin sati ya zagayo na mayar wa Anti Rabi kuɗinta cif, sai da na sayar da keken ɗinkin da nake ji da shi sannan suka cika. In aka duba da kyau, tsohuwa ta karɓi kuɗi, kayanta sun koma cikin gidanta, ta kuma samu sunan surukar kirki. Ni na biya, na yi dako, na jera, na samu sunan da ba zan maimaita a nan ba. Maigidana da na ba shi labari ya yi dariya har da hawaye, ya ce in zan koyi kasuwanci in koma Darini.

Ban bar sana'ar ba. Amma yanzu duk wadda ta zo sayen kayan aure a wurina, kafin mu yi maganar farashi sai ta gaya mini garin da za a kai amarya, da gidan, da sunan uwar ango. In kuma na je ganin ɗaki aka ce wani abu ya yi kama da na wance, sai in ce ikon Allah, in nemi wuri in zauna.