Rasuwar Allon Giraf na 'Yan Aji Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, ni Malama Mansura, mai koyar da lissafi a ƙaramar sakandaren da ke bakin ruwa a ƙasar Ngaski, nake sanar da rasuwar Allon Giraf na 'yan aji uku. Ya rasu ranar kasuwar Yelwa, a tashar jiragen ruwa, ana dab da jarrabawar jiha.

An haifi marigayi a wurin wani kafinta a Yauri. Ni na rungumo shi a jirgi, ni na ja masa layuka da farin fenti, gida-gida kamar idon taru, har bayana ya riƙe. Duk farkon zango sai mu shafe shi da baƙin tsohon batir, in sake bin layukan ɗaya bayan ɗaya. Mai haƙuri ne. Yaro zai ɗora ɗigo a inda ko mahaukaci ba zai ɗora ba, marigayi bai taɓa yi masa dariya ba. Iyakar maganarsa ita ce "ƙiii" idan alli ya gajarce, da "ƙwas-ƙwas" idan na buga masa rula don masu gyangyaɗin baya su farka.

Jama'a su sani, bai yi jinya ba. Gara ta taɓa lasar gefensa, ya warke. Damina ta yi masa yoyo a ka, ya shanye. Kashe shi aka yi, kuma wanda ya kashe shi yana nan yana yawo da usur a wuya: Malam Dauda, malamin motsa jiki, wanda rabin zuciyarsa ke makaranta, rabi ke fataucin albasa.

A ranar, ruwa ya ja baya, bakin tasha ya zama taɓo. Malam Dauda yana son tura babur ɗinsa cikin jirgi da buhunan albasa a kai, ya rasa katakon da zai shimfiɗa. Duk garin nan, da ƙyauren gidansu da benci da komai, bai ga abin takawa ba sai allon da yara hamsin ke dogara da shi. Ya ciro shi daga bango, ya kwantar da shi fuska a sama, ya hau. Waɗanda suka shaida sun ce marigayi ya ɗauki tayar gaba ba tare da ƙorafi ba. Da ta baya ta hau ne ya ce "ƙaras", sai kuma "tsundum". Babur ya tsira. Albasa ta tsira, har an ce ta yi kasuwa.

Da na tare shi, ko kunya babu, cewa ya yi: "Haba Malama, katako na hwa! In anka yi albashi sai a sawo wani." To, Malam Dauda, jarrabawa ba ta san albashi ba. Kuma ba na yafewa. Na faɗa a ofis, na faɗa a tasha, yanzu ga shi a rubuce.

Marigayi ya bar ƙusoshi biyu a bango, da ƙaninsa kamfas na katako mai zana da'ira wanda dama ƙafa ɗaya gare shi, da dasta da ta rasa wanda za ta shafa. Ya bar marayu hamsin waɗanda takardar giraf sai dai su gan ta ranar jarrabawa. Cikinsu akwai Bara'atu, wadda sai a makon jiya ta gane cewa ana bin layin kwance kafin a hau na tsaye, ta yi ta murna har da tafi. Ita ce ta tsaya gaban ƙusoshin nan ta ce da ni: "Malama, to yanzu ina za mu aza ɗigon? Inna ta ce in nif faɗi lissahi, wurin bandar kihi za ni komawa." 

Ga tsarin jana'iza. Wani masunci ya tsamo rabin gawar a tarunsa, ɗaya rabin ya bi ruwa ya nufi Kainji. Za a binne abin da aka samu gobe da safe a bayan aji, kusa da filin da Malam Dauda ke sa yara tsalle, don ya riƙa gani kullum.

Zaman makoki kuwa a ƙofar sabon shagon albasarsa za a yi, da ni da marayu hamsin, bayan an tashi makaranta. Shagon yana da ƙyaure na katako mai santsi, ba gaɓa, ba tsaga. Na riga na tura yara sun auna ƙyauren a matsayin aikin gida, tsawo sau faɗi, kuma karo na farko a tarihin ajin nan kowa ya ci. Girmansu ɗaya da marigayi, har da rarar ɗan yatsa.

Ba a karɓar gaisuwar baki. Mai zuwa ta'aziyya ya riƙo guduma, mai hali ya haɗo da farin fenti. Bara'atu ce za ta ɗora ɗigon farko. Idan Malam Dauda ya tambayi abin da zai rufe albasarsa da shi daga awakin unguwa, a gaya masa katako ne fa, in an yi albashi sai ya sayo wani.