Ɗan Gadar da Na Mayar Maraya

Shekarar da Ghana ta sami 'yancin kai, ni ma na naɗa kaina shugaban makaranta a gidana da ke Aboabo. Ɗalibaina biyu ne, 'ya'yana Rabi da Sani, ajinmu kuwa daji.

Wata Asabar na goya su a keke zuwa bayan Gumani. Muka tarar da ɗan gada lafe cikin ciyawa, shi kaɗai. Na gyara murya na yanke hukunci cewa maraya ne. Wani tsohon manomi ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Malam, bar shi, uwan shi yana kusa." Na yi masa murmushin wanda ya karanta littafi.

Muka kawo shi gida. Ya ƙi madara, ya ƙi koko. Kwana uku ya mutu a cinyar Rabi. Da muka mayar da shi wurin don binnewa, sai ga sawun uwar ko'ina, ta tattake ciyawar tana nemansa. Sani ne ya nuna mini, domin ni na koya masa gane sawu.

Yanzu Rabi ta yi aure ta haihu. Duk lokacin da na tarar da jaririnta kwance shi kaɗai, sai ta ƙwala daga madafa, "Baba, uwan shi yana kusa!" Kowa ya yi dariya. Ni ma nakan yi, ranar da na iya.