Daddawar Azumi da Sabuwar Gwiwata

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ara mini kunnuwanku, in na gama in mayar muku. Wannan ba tatsuniya ba ce. A kaina ta faru, ga tabon ɗinki nan a gwiwata ta hagu ga mai son gani.

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da likita ya ce sai an yi mini aiki a gwiwa. Na daɗe ina fama da ita. Na sha ƙaho, na sha shafe-shafe, na sha jiƙo iri-iri, har ta kai in na yi sujada sai na dafa bango kafin in miƙe. Autata Rakiya, wadda ke koyarwa a makarantar boko nan Paraku, ita ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya ɗaga shi ga haske yana ta Faransanci, Rakiya tana juya mini. Wai guringuntsin da ke tsakani ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi, za su kankare su sa ƙarfe.

Ya yi bayani mai yawa. In daina ƙaho kada fata ta sami rauni. In rage tuwo. A yi mini wurin zama mai tudu a bayan gida, don ni da tsuguno sai wani lokaci. Duk ya faɗa, duk Rakiya ta juya, amma ni abu ɗaya na ji: za a yi mini allura in daina jin jikina. 'Ya'ya bakwai na haifa a ɗakina a unguwar Lajifarani, ban taɓa kwana asibiti ba. Na ce a raina, wanda ya daina jin jikinsa ai gawa ne. Nan take na yanke wa kaina hukunci cewa kwanana ya ƙare.

(Rakiya ta gaya mini ya fi sau goma cewa ba a mutuwa don gwiwa. Ni dai ina dubanta da tausayi, yarinya za ta zama marainiya ba ta sani ba.)

Sai na shiga shiri, ba wanda likita ya ce ba, nawa na kaina. Na sayi likkafani na ɓoye a ƙasan akwati. Na raba zannuwana. Na bi gida-gida ina neman gafara, kowa ya ce haba Hajiya, me kika yi mana, mun yafe. Haka ake yi a wurinmu. Ka ce a yafe, a ce an yafe, ba mai tambayar wani mene ne laifin. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin ba ku.

Amma akwai Azumi.

Azumi ƙawata ce tun muna 'yan mata muna tallan goro a tasha. Aure ya kai ta Jugu, ni ya bar ni Paraku, amma bai raba mu ba. Ita ta dafa mini ruwan jego a haihuwar fari, ita ta zauna kusa da ni lokacin takaba. Kowace shekara in ɗorawa ta nuna, sai ta sayo kalwa daga ƙauyukan Kolokonde, ta dafa, ta yi daddawa, ta ba direban taksi ƙunshi guda ya kawo mini. Shekara talatin da ɗoriya tana haka.

To, daddawar Azumi ita ce matsalar. Kun san in an dafa kalwa kwana uku ake rufe ta. Ta Azumi ban san kwana nawa take yi ba. Direbobin tasha sun san ta, a saman mota suke ɗaure ta. Shekarar farko na sa ta a miyar kuka, marigayi maigidana ya kai loma ɗaya, ya wanke hannu, ya ce ashe yana azumin nafila ya manta. Na rataye sauran a ɗakin ajiya inda muke zuba doya da masara, sai na ga ɓeraye sun ragu. Ko ita ta kore su ko kyanwar maƙwabta, Allah ne masani. Daga ranar ta zama maganin ɓera. Har maƙwabciyata Ladi nakan gutsura wa, na ce mata wata iri ce da ake yi musamman don wannan aikin.

Duk shekara kuma ina aika wa Azumi saƙo cewa babu irin daddawarta a duk Paraku. Ita kuma ta ƙara girman ƙunshi.

Saura kwana biyar aiki na kasa cin abinci. Ƙaryar shekara talatin ba ƙaramin kaya ba ne ga mai shirin shiga kabari. Na shiga taksi zuwa Jugu, mu shida a matse, gwiwa tana zugi har muka isa. Na tarar da Azumi a tsakar gida tana juya daddawa a kan tabarma, nawa ƙunshin yana gefe an riga an ɗaure. Muka gaisa, na sha ruwa, na gyara lulluɓi kamar mai shirin karanta wasiyya.

Na ce, "Ƙawa, daddawarki sau ɗaya na taɓa sa ta a miya. Ba ta ciyuwa. Duk yabon da nake aiko miki ƙarya ne. Ki yafe mini kafin in je gaban Ubangijina."

Ta ɗauke hannunta daga tabarma. Sannan ta tambaye ni, to ina take zuwa duk shekarun nan? A nan jarumtata ta ƙare. Na ce ina ba mabuƙata. (Ladi tana da buƙata, ɓera ya dame ta. Da haka na lallashi kaina a hanya.)

Ta ce ta yafe, Allah ya sa a yi aiki a sa'a. Ta raka ni bakin titi, ba ta ɗauko ƙunshin ba. Na dawo gida zuciyata wasai, don a lissafina ba zan sake haɗa ido da ita ba sai a lahira, can kuwa kowa ta kansa yake yi.

Ranar aiki suka sa mini wata riga marar baya, suka yi mini allura a tsatso. Ƙafafuna suka yi nauyi, suka ɓace. Na yi kalmar shahada, na rufe ido, ina jira. Na yi ta jira. Ina jin ƙarar abu kamar ana sassaƙa turmi, ina jin likita yana hira da mutanensa, mutuwa ba ta zo ba. Ko barci ban yi ba. Da suka turo ni waje Rakiya ta riƙe hannuna tana hamdala, ni kuwa, Allah ya gafarta mini, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne Azumi tana nan, ni ma ina nan.

Bayan mako guda aka sallame ni. Aka kwantar da ni a ɗaki, ƙafa a miƙe kan matashi, sanduna biyu na ƙarfe a jingine. Na tambayi Rakiya wa zai yi jinyata tunda ita tana zuwa makaranta. Ta ce kada in damu, ai tun watan jiya ta gama magana da Inna Azumi, yau ma take tafe.

Da azahar na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Kafin in ji sallamarta hancina ya gaya mini da me ta zo.

Ta shigo ta yi mini sannu da jiki kamar ba abin da ya faru, ta ɗaura zani ta shiga madafa. Da la'asar mata suka cika ɗakin, 'yan dubiya, har da matar liman. Ana cikin addu'o'i Azumi ta shigo da kwanon tuwo da miyar kuka, ta durƙusa za ta ajiye a gabana. A daidai lokacin Ladi ta yi sallama. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta shaƙi iska, ta ce:

"Hajiya, ɓerayen nan sun dawo ne? Na ji warin maganin nan naki har waje. In da saura ki sam mini, nawa ya ƙare."

Azumi tana durƙushe, kwano a hannu, ta juyo ta dube ni. Jama'a, da ina da ƙafa da na gudu har Kwatano. Amma ga ƙafa an ɗinke, ga sanduna nesa da hannuna. Sai na yi abin da ya rage mini, na ja lulluɓi na rufe fuska na yi kamar barci ya ɗauke ni. Mace mai jikoki goma sha huɗu, a gaban matar liman, ina minshari na ƙarya.

Mata suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ina ƙarƙashin lulluɓi ina sauraren ko zan ji Azumi tana haɗa kayanta. A lokacin ne tsoro na gaske ya kama ni, wanda ya fi na allura. In ta fita ƙofar nan, wa ya rage a duniya da ya san ni tun kafin in zama Hajiya?

Sai na ji an yaye lulluɓin.

Ta ce, "Tashi, Ƙawa, mai barci ba ya ƙifta ido. Ba inda zan je. Amma girkina za ki ci, safe da rana da dare, har ranar da kika taka da ƙafarki kika je madafa kika dafa naki."

Haka kuwa aka yi. Duk wanda ya aiko da kwano sai ta tare shi a zaure ta yi godiya ta raba wa yara. Rakiya ta so ta shigo mini da wasa-wasa, dambun garin doya, a ɓoye, Azumi ta ƙwace ta cinye a gabana.

Akwai wata mata da asibiti ke turowa tana koya mini lanƙwasa gwiwa, kine suke ce mata. Kwanakin farko in ta kama ƙafata sai in ce ta bar ni, tsufa ya riga ya ci rabonsa. Bayan kwana uku na miyar Azumi ni nake tambaya ko akwai ƙarin motsi da ba ta nuna mini ba. Daga gadona zuwa madafa taku ashirin da biyu ne, na sa an auna. Yau in yi huɗu, gobe shida, gumi yana zuba, hawaye yana zuba. Matar ta ce wa Rakiya ba ta taɓa ganin tsohuwa mai himma irina ba, ta tambayi mene ne sirrin. Rakiya ta ce abinci ne.

Kada ku ce Azumi mugunta take yi. Ita ke yi mini wanka. Ita ke tallafe ni zuwa bayan gida, ta tsaya a ƙofa. Ita ke matsa mini ƙwaurin ƙafa in ya kumbura, ta naɗe ƙanƙara a tsumma ta ɗora mini. Da na ji kunyar yin salla a kan kujera, sai ta jawo tata kujerar muka yi tare, alhali gwiwoyinta lafiya lau. Maganar daddawa kuwa ba ta sake tayar da ita ba, sai dai a kwano.

Ranar da na isa madafa da sanda ɗaya, na zauna kan kujera ina haki, ta miƙo mini ludayi. Sannan ta zauna kan turmi ta yi magana.

"Ba ɓeran ne ya yi mini ciwo ba," in ji ta. "Tun zazzaɓin da na yi bayan haihuwar ɗana na biyu hancina ya mutu, ban gaya wa kowa ba. Ba na jin ƙamshi, ba na jin wari. Da hancinki nake aiki, Ƙawa. In na kai kasuwar Jugu ba a saya ba, sai in ce hassada ce, ai a Paraku rububinta ake yi. Shekara talatin ana dariyata, ke kaɗai za ki iya gaya mini, kika yi ta aiko da yabo."

Wannan karon ban nemi gafara da dogon jawabi ba, na kama hannunta kawai, muka zauna har albasar da ke kan wuta ta ƙone.

Abin da na koya shi ne, gaskiyar da za ta amfani mutum a gaya masa tun shekarar farko, tana ƙarama. In kuwa ka bari ta tsufa har ka ce sai a bakin kabari za ka faɗe ta, to ka fara tambayar likita ko da gaske tafiyar za ka yi.

Rakiya tana nan tana koyarwa, in ta so ta ba ni haushi sai ta yi minsharin nan. Ladi ta yi wata guda ba ta shigo gidana ba don kunya, yanzu kyanwa take kiwo. Matan da na raba wa zannuwana ba wadda ta mayar, ina ganinsu da su a gidajen suna, sun kuwa yi musu kyau. Azumi ta koma Jugu bayan kwana arba'in. Yanzu in ɗorawa ta nuna ni ke shiga taksi da sabuwar gwiwata in je can. Ita ta dafa ta rufe, ni in zauna kusa da kwandon ina shinshinawa, ranar da na ce a buɗe a buɗe. Bara ko ta zubawa a miya ba ta rage mata ba, a kasuwa aka saye duka.