Ƙodar Inna Hajo da Karnena

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gidan Kawu Ila a Tawa. Dangi daga Bambeye sun cika zaure, sun zo yi masa barka da dawowa daga ƙasar waje, inda aka dasa masa ƙoda. Ƙanwarsa Inna Hajo ce ta ba shi tata.

Likita ya ce magungunan da ke hana jikin Kawu ƙin sabuwar ƙodar suna raunana garkuwarsa. An yi masa rigakafi kafin aiki, amma akwai alluran da ba za a ƙara yi masa ba. Saboda haka masu kusantarsa ne za su yi, su zame masa katanga.

Na san wannan sarai. Ni ne ma na karanta shi a rediyo, a shirina na lafiya (da muryar nan tawa ta masana).

Na tarar da Inna Hajo zaune a kan turmi, ta tare ƙofa. Ba ta karatu, amma ta san hatimi. Tsofaffin manoma suna miƙa mata karnen rigakafi, wato katin shaidar allura, ɗaya bayan ɗaya. Wasunsu a amalanke suka je gidan likita, saboda mutum guda. Na tsaya ina kallonsu.

“Ɗan nan, ina naka?”

Na gyara murya. “Inna, ai ni ne mai shirin.”

“Na sani. Karne nika tambaya.”

Ba ni da shi. (Tun ina ƙarami allura ke sa ni jiri.)

Wani tsoho ya leƙo. “Kai, ba kai ne kac ce muna allura kamar cizon sauro ta ba? Don kai munka tai!”

Zaure ya ɗauki dariya. Inna ba ta yi ba. Ta dafa gefen cikinta.

“Biyu Allah ya ba ni, guda tana cikin ɗakin can. In ka kai mishi cuta ta lalace, taka za ka bayar?”

Ta taga na gaishe da Kawu, kamar mai talla.

Tun ranar, ba na karanta wa jama'a abin da ban kai hannuna aka yi mini ba. Washegari aka yi mini allurar, a kwance. Sai bayan mako biyu, da allurar ta kama jiki, Inna ta janye mini turmin.