Yaƙin Toka da Tsamiya

Da sunan Mai iko muke buɗe tarihin Jatau maƙerin fari, ɗan Barmo, jikan Ɗangoje wanda ya ga jirgin ƙasa karon farko bai ruga daji ba. Jatau uwar maƙera sha duka, wanda ya ci ƙyanda ya ci agana, ya raka jana'izar likitan da ya ce ba zai ga damina ba. Bai taɓa zama aji ba, don babu bencin da ya isa ɗaukarsa.

Ana nan sai maƙwabciyarsa Hajiya Tasalla ta fito da agogon da marigayi mijinta ya samo a hannun wani Bakwara, farar fata mai kanti. Na tagulla ne shafe da ruwan zinare, zakoki biyu sun tallafo shi, kowane gashin gezarsu da hannu aka zana. Washegari za a yi jeren jikarta, shi zai hau saman kabet, dangin ango su san gidan da suka nemi aure. Sai dai ya dushe.

"Baba Jatau, ƙura kawai za ka share mini."

"Hajiya, je ki ɗora girki. Ƙarfe ya san ubangidansa."

Nan ma'abocin azama ya yi ɗamara, ya tara rundunar da kakanninsa suka ci mundaye da tasoshi da ita: toka a gaba, jiƙaƙƙiyar tsamiya a dama, soson buhu a hagu, yashi na jiran umarni. Ya yi kururuwa, "Yau dattin Turawa sai lahira!" ya auka wa zakin dama, ya murje shi, ya koma kan na hagu, gumi na zuba, rawayan ruwa na kwarara zuwa kwata kamar jinin abokan gaba, shi kuwa yana hamdala bisa wannan ganima ta nasara, har agogo ya fito jajir kamar tsohuwar buta.

Hajiya ta dawo, ta duba, ta yi salati a hankali.

"Baba, ina zinaren?"

Gwarzo ya waiwaya. Can bakin kwata agwagwar maƙwabta tana wanka, bakinta sai ƙyalli yake.

Ranar jere, bayan kwanuka aka ɓoye agogo. Jatau dai har gobe yana cewa a shaida masa: abin ya shiga hannunsa, ya fita yana bugawa.

Agwagwar kuwa, masu ita sun fasa yanka ta.