Turancin Bayan Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Turancina ya raba ni da aiki a Makka, shekarun da alhazanmu suka fara zuwa ta jirgin sama. Lokacin ina hidima a gidan wani muɗawwifi, mai saukar da alhazai a unguwar Jarwal. Duk layinmu ni kaɗai ke jin Turanci (shekara shida ina yi wa wani Baturen jirgin ƙasa kuku a Sudan kafin in tsallako), kuma wallahi ina ji da abina.

Sai aka sauke mana malaman makaranta biyu daga Katsina, Malam Isa da Malam Bala. Suna neman amintacce, mai riƙe sirri, wanda zai riƙa tarbar alhazan garinsu duk shekara. Aikin da zai raba ni da wankin kofuna har abada! In za su yi shawara sai su juya harshe zuwa Turanci, ni kuwa in yi kamar ruwa ya ci ni.

Ranar da za su yanke magana, bayan la'asar, na ɗauko musu shayi. Ina isa ƙofa na ji suna zancena da Turanci, sai na laɓe, tire a hannu (kada ku tambaye ni dalili, ƙafa ce ta ƙi gaba).

Malam Isa ya ce, "Shi za mu ba. Ba ruwansa da sa ido."

Kaina ya kumbura.

Malam Bala ya ce, "Haka ne. Illarsa ɗaya, bawan Allah jahili ne. Ko gaisuwa bai iya ba da Turanci."

Jahili? Ni? Ban san sanda na banke ƙofa ba. Na ƙame, na ce da Turancina garau, "Ranka ya daɗe, ka yi kuskure. Ina ji, ina mayarwa, har jarida nake karantawa!"

Malam Isa ya miƙa hannu ya taɓa butar shayin. Ta yi sanyi ƙalau. Ya dube ni ya ce, "To, tunda ka iya, ka san yadda Bature ke kiran abin da ka yi? Tsayuwa gindin indararo. Mutum ya manne da bangon wani yana satar ji, ruwan rufi na ɗiga masa a ka."

Na ce na sani (ban sani ba). Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aikin dai wani Bazazzagi aka ba, wanda ko Larabcin kirki bai iya ba. Ranar na gane cewa in ka laɓe, kunne kaɗai ake zuwa da shi, baki a gida ake barinsa. Amma ku shaida: da za su tafi, Malam Bala da kansa ya ce bai ji kuskure ko ɗaya a Turancina ba.