Naira Ɗari Biyun da Na Ba Maigadi

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da binciken kammala karatuna ba. Malam Sanusi, malamin da ke duba aikin, ya ba ni sabuwar unguwar masu hali ta Ƙaura Namoda, in gano su waye ke zaune a ciki, su nawa ne, kuma mene ne samunsu. Ya ce in fom ɗina ba su cika ba ranar Litinin, sai baɗi.

Ni kuwa tun kafin in taka unguwar na riga na rubuta sakamako (kada ku gaya wa kowa): manyan ma'aikata ne, masu albashi, masu 'ya'ya biyu-uku. Ai ɗan boko ba ya kuskure.

Ranar Asabar saura fom ɗaya. Na nufi gidan da ya fi kowanne girma, na tarar da wani tsoho a bakin ƙofa, rigarsa duk ta koɗe, yana zuba wa raguna harawa. Na ce a raina, maigadi ma ai mazaunin unguwa ne.

"Baba, nawa ne albashinka?"

"Albashi? Ban taɓa ganin kalatai ba, ɗana."

Tausayi ya kama ni, na rubuta: ba shi da samu.

"'Ya'ya fa?"

"Ɗiya na Allah na, ba a ƙilga su."

"Dabbobi?"

Ya dube ni kamar na zagi kakansa. "Kai ɗan wane gari na? Wa ka ƙilga bisashe gaban baƙo?"

Na rubuta sifili. Sannan na zaro naira ɗari biyu, rabin kuɗin da zan hau mashin, na damƙa masa, har da nasiha: "Ka gaya wa maigidanka ya ji tsoron Allah, ya riƙa biyanka." Ya karɓa da hannu biyu, ya sa min albarka. Na tafi ina jin kaina waliyyi.

Ranar Litinin, a gaban 'yan ajinmu kaf, Malam Sanusi ya zaro fom ɗin nan, ya karanta shi a hankali. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗari biyuna (na gane ta, har da ɗan yagewar gefe).

"Mahaifina ya ce in maido maka. Ya ce ka gaya wa maigidanka ya ji tsoron Allah, ya riƙa koya maka tambaya."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Ashe tsohon nan dillalin shanu ne daga Katuru, ya dawo gari saboda rashin kwanciyar hankali a daji, kuma rabin layin nan 'yan'uwansa ne, shi ya kawo su. Galibin unguwar haka take: masu shanu da masu hatsi daga ƙauyukan Shinkafi da Zurmi, gida ɗaya mutum talatin, babu mai albashi sai ɗai-ɗai. Sakamakona gaba ɗaya ya rushe.

Malam ya ƙara min sati biyu bisa sharaɗin in koma. Na koma, na cire takalmi, na zauna a ƙasa, na bar fom a jaka. Tsohon ya ba ni labarin unguwar tun daga tubalin farko, amma har yau ban san yawan shanunsa ba.

Na dai ci jarrabawa. Tun daga ranar, in na ga tsoho yana ba rago harawa a ƙofar babban gida, sai in durƙusa in gaishe shi, in bar hannuna nesa da aljihu.